Abincin Uwa da Girman Ɗan Tayi: Darasi Daga Binciken Dabbobi Zuwa Garin Abare

Gabatarwa

Makiyayi ba ya bukatar a gaya masa cewa tunkiyar da ta sha bazara da ciki ba ta haifar ɗa irin na wadda ta yi rainon cikinta a kan harawa da dusa. Tun ranar haihuwa yake ganin bambancin. Ɗan wannan yakan faɗo da ƙarfinsa, kafin a jima ya miƙe ya kama hantsa. Ɗan waccan kuwa yakan faɗo kamar tsumma, ga shi uwar ba ta da ruwan nonon kirki. Abin mamaki shi ne, masana kiwon lafiya sun daɗe suna riƙe da wani ra'ayi dabam game da ɗan Adam. A ganinsu ɗan tayi tamkar kaska yake a jikin uwa, zai tsotse duk abin da yake bukata ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba, ita ce za ta rame, shi babu ruwansa.

Binciken da aka yi a kan dabbobi cikin shekaru fiye da 80 ya rushe wannan ra'ayi. A wannan maƙala za mu bi sawun binciken daga dawaki zuwa tumaki da ɓeraye, sa'annan mu dawo gida, zuwa garin Abare na Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara, inda gubar dalma ta shiga gidajen jama'a a shekarar 2010. A can ne za mu ga cewa abincin uwa aiki biyu yake yi: yana gina ɗan tayi, yana kuma tsaron ƙofar da guba ke bi ta kai gare shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai dabbobi? Dalili shi ne ba ya halatta a hana mace mai juna biyu abinci don a ga abin da zai faru. Ban da haka, cikin ɓera kwana 21 zuwa 22 ne kacal, don haka cikin shekara guda ana iya ganin uwa da 'ya'ya har da jikoki. Ita kuwa tunkiya takan yi kimanin kwana 147, tana haifar ɗaya ko biyu, kuma nauyin ɗanta bai yi nisa da na jariri ba.

Goɗiya da Kuru

A shekarar 1938 wasu masana biyu na Kambirij ta Ingila, Arthur Walton da John Hammond, suka buga sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun haɗa irin dawaki biyu: Shire, wanda yana cikin mafi girman dawakin duniya, da kurun tsibiran Shetland, wanda da kyar yake kai wa namiji ƙugu. Suka sa wa babbar goɗiya irin kuru, suka kuma sa wa 'yar ƙaramar goɗiya irin babban ingarma. Ta fuskar gado, 'ya'yan duk rabi da rabi ne, don haka da gado ne kaɗai ke yanke hukunci, da girmansu ya zo ɗaya. Amma da aka haihu, sai ga ɗan babbar goɗiya ya kusa ninka ɗan ƙaramar sau uku a nauyi. Bambancin ya ragu da suka girma, sai dai bai gushe ba.

Ma'anar wannan ita ce, uwa ce ke tsara iyakar girman abin da ke cikinta, ta hanyar faɗin mahaifarta da kuma yawan abincin da take iya tura masa. Hanyar turawar ita ce mabiyiya. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya. A jikin mabiyiya suke kusantar juna, inda wasu ƙananan ƙofofi ke ɗaukar sukari da tubalan furotin da ma'adinai irin su kalsiyam da sinadarin ƙarfe su tsallakar da su. Duk mahaucin da ya taɓa feɗe tunkiya mai ciki ya ga wasu ƙulle-ƙulle masu kama da maɓallai jere a jikin mahaifarta. Waɗannan su ne mashigan abincin ɗan tunkiya.

Tunkiya: Kowane Wata da Aikinsa

Shekaru goma bayan gwajin dawaki, wato a 1948, wani almajirin Hammond mai suna L. R. Wallace ya buga bincikensa a kan tumaki. Ya raba su rukuni-rukuni, wasu ana ƙosar da su, wasu ana rage musu abinci, a lokuta dabam-dabam na cikin. Ya gano cewa ragin abinci a makonnin ƙarshe shi ne ya fi rage nauyin ɗa, musamman idan tagwaye ne. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin ɗan tunkiya a makonni shidan ƙarshe yake samuwa. Har ila yau hantsar tunkiyar da aka takura ba ta cika ba, nononta ma ya yi ƙaranci. Yunwar ciki takan bi ɗa har bayan haihuwa ke nan.

Wani abin lura a binciken shi ne, gaɓoɓin ɗan ba su ragu daidai wa daida ba. Hanta ta tsuke ƙwarai, amma ƙwaƙwalwa kaɗan ta ragu. Daga baya masana sun fahimci dalili. Idan abinci da iska suka yi wa ɗan tayi ƙaranci, yakan karkatar da jininsa zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa hanta da ƙoda da tsoka. Dabara ce ta tsira da rai, amma bashi ne da za a biya gaba.

Wannan ba ya nufin watannin farko ba su da muhimmanci. A tunkiya, mabiyiya takan yi yawancin girmanta ne tsakanin wata na biyu da na uku, kafin ɗan ya fara girma gadan-gadan. Idan ta tsumbure a lokacin, ko an cika wa uwa akurki da abinci daga baya, ƙofar wucewarsa ta riga ta ƙuntata.

Akwai kuma darasi game da shekarun uwa. Daga shekarar 1996, Jacqueline Wallace da abokan aikinta a Cibiyar Rowett da ke Abadin ta ƙasar Sikotilan sun yi ta gwaji da 'yan tumakin da suka ɗauki ciki alhali su kansu ba su gama girma ba. Da aka ɗura musu abinci fiye da kima, sai iyayen suka yi ƙiba, amma mabiyiyarsu ta ƙanƙance, 'ya'yan suka fito ƙanana. Jikin uwar da ke kan girma yana gasa da ɗan da ke cikinta, kuma shi ke yin rinjaye. Waɗanda aka rage wa abinci su ma ƙananan 'ya'ya suka haifa. Ashe cikin ƙuruciya yana da haɗarinsa na musamman, kuma abin da yake bukata shi ne daidaitaccen abinci da sa ido.

Ɓera: Abin da Sikeli Ba Ya Nunawa

Zuwa ƙarshen shekarun 1980, wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya binciki tsofaffin littattafan unguwar zoma na yankin Hertfordshire, ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya a lokacin da suka manyanta. Masu suka suka ce wataƙila talaucin da suka tashi a ciki ne sanadi. Ɓera ne ya raba gardama.

A shekarar 1994, Simon Langley-Evans da Alan Jackson na Jami'ar Southampton suka ciyar da wasu ɓeraye masu ciki abincin da ke da furotin kashi 18 cikin 100, wasu kuma rabin haka ko ƙasa da rabi. Bayan haihuwa aka mai da kowa kan abinci mai kyau iri ɗaya. Da 'ya'yan suka girma, sai aka tarar waɗanda iyayensu suka rasa furotin suna da hawan jini. Bincike na gaba ya nuna cewa ƙodarsu tana da ƙarancin ƙananan matatan da ke tace jini. A jikin ɗan Adam, waɗannan matatai kafin haihuwa ake gama ƙera su, kuma ba a ƙara ko ɗaya daga baya. A ƙasar Beljiyam ma, tun a 1990, an ga cewa irin wannan abinci yana rage ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da rashinsa ke haddasa ciwon sukari. A shekarar 2000 kuwa, wasu masanan na Southampton suka taƙaita ragin furotin ga kwanaki huɗun farko na cikin ɓera kawai, amma duk da haka 'ya'ya maza suka tashi da hawan jini. Kwanakin da uwa ba ta ma san tana da ciki ba, su ma ana lissafi da su.

Shin Haka Abin Yake ga Ɗan Adam?

Ɓera ba mutum ba ne, kuma tilas a yi hattara wajen ɗora sakamakonsa a kanmu. Sai dai tarihi ya yi gwajin da masana ba za su yi ba. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta afka wa yammacin ƙasar Holan. Jariran da yunwar ta riska a watannin ƙarshe na ciki an haife su da ragin kusan giram 300. Waɗanda ta riska a farkon ciki sun fito da nauyinsu daidai, amma da suka manyanta ciwon zuciya ya fi yawa a cikinsu. Abin da tunkiya da ɓera suka faɗa ke nan.

A nan Afirka ta Yamma kuwa, a ƙauyukan yankin Kiyang na ƙasar Gambiya, an raba wa mata masu juna biyu wani biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa tun daga tsakiyar ciki. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a tsakaice, da kuma giram 201 a damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa. Mutuwar jarirai a wajen haihuwa ita ma ta ragu. Daminar Gambiya da ta Zamfara ɗan juma ne da ɗan jummai.

Abare: Lokacin da Ƙasa Ta Zama Guba

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan yammacin Zamfara. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da ƙananan yara suna ta mutuwa da amai da jijjiga. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ƙunshe da dalma mai yawa, ga shi ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duk abin ya shafe su. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda.

An ƙanƙare gurɓatacciyar ƙasar gidaje an zuba sabuwa, a Abare tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, a Bagega kuma a 2013. An ba dubban yara maganin da ke kamo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa. Amma akwai wurin da magani ba ya kaiwa sosai, wato ƙashi. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam saboda kamar da suke yi, sai ya ajiye ta inda yake ajiye kalsiyam. A jikin baligi, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalma a ƙashi da haƙora take. Wani kaso yakan fita yayin da ƙashin yaro ke girma yana sabunta kansa, wani kuma yakan zauna shekaru aru-aru.

Yanzu a yi lissafi. Yarinyar da take da shekara huɗu a Abare a 2010 ta cika shekara 18 a 2024. Da yawa daga cikin 'yan matan da suka tsira sun kai munzalin aure da haihuwa. Ɗan tayi yana bukatar kimanin giram 30 na kalsiyam don gina ƙasusuwansa, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe. Idan abincin uwa bai wadatar ba, jikinta yakan ƙara narkar da ƙashinta don ya biya bukata, kuma dalmar da ke kwance a ciki sai ta biyo kalsiyam zuwa jini. Mabiyiya ba ta tare ta. Yawan dalmar jinin cibiya yakan yi kusa da na jinin uwa.

Kalsiyam da Dalma a Ɗakin Gwaji

A nan ma dabbobi ne suka fara ba da haske. A 1970, Kathryn Mahaffey Six da Robert Goyer na Amurka suka ba rukunin ɓeraye biyu ruwa mai dalma daidai wa daida, amma aka rage wa ɗaya rukunin kalsiyam a abinci. Waɗanda aka rage wa suka tara dalma ninki-ba-ninki a jini da ƙoda. Shekaru biyu bayan haka suka nuna cewa ƙarancin sinadarin ƙarfe shi ma haka yake yi. Dalilin shi ne, idan jiki ya rasa kalsiyam ko ƙarfe, hanji yakan buɗe ƙofofinsa don ya kamo ɗan abin da ya samu, dalma kuma ta waɗannan ƙofofi take shiga. Cikin da babu komai a cikinsa ma ya fi mai abinci zuƙar dalma.

A 1997 wasu masana a ƙasar Kanada suka yi amfani da birai. Sun ba su nau'o'in dalma da ake iya bambantawa a gwaji, wani nau'in tun suna ƙanana, wani daga baya. Da biran suka yi ciki, sai aka tarar kashi 7 zuwa 39 cikin 100 na dalmar da ke ƙashin 'ya'yan tayin daga tsohuwar ajiyar ƙashin uwa ta fito.

Gwajin da ya fi kama da halin 'yan matan Abare shi ne wanda John Bogden da abokan aikinsa na jihar New Jersey suka buga a shekarar 2000. Sun shayar da ƙananan ɓeraye mata dalma na mako biyar, suka daina, aka yi wata guda ba su sha ba, sa'annan aka bar su suka ɗauki ciki. Aka ba wasu abinci mai isasshen kalsiyam, wasu kuma mai ƙaranci. Abubuwa uku suka bayyana. Na farko, 'ya'yan waɗanda suka sha dalma tun suna ƙanana sun fito da ƙarancin nauyi da tsawo, ko da yake ba su sha ta da ciki ba. Na biyu, 'ya'yan waɗanda suka rasa kalsiyam sun fi tara dalma a jini da gaɓoɓi. Na uku, isasshen kalsiyam ya rage dalmar da ta kai ga 'ya'yan, amma bai mayar musu da nauyin da suka rasa ba.

Gwaji a kan mata ya bi wannan sawu. A birnin Meziko an ba masu juna biyu miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, kuma sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna dalmar jininsu ta ragu da kimanin kashi 11 cikin 100, ragin ya kuma fi haka ga waɗanda suka riƙa sha ba fashi. Abinci yana rage ɓarna ke nan, amma ba ya wanke guba. Raba gida da dalma shi ne tushen magani.

Yaya kalsiyam yake a abincinmu? Gero da dawa da masara, waɗanda su ne ginshiƙin tuwo da fura, ba su da shi da yawa. Wani bincike da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya tarar yara masu ciwon lanƙwasar ƙashi, wanda ke jawo gwame ko ƙafar baka, suna samun kimanin miligiram 200 kacal a rana, kuma kalsiyam ne ya warkar da su fiye da bitamin D shi kaɗai. Mai juna biyu kuwa tana bukatar kimanin miligiram 1,000.

Abin Yi

Nauyin farko a kan maigida yake, domin shi ke cefane, sa'annan uwar miji, wadda sau da yawa maganarta ce ake bi a kan abin da mai ciki za ta ci. Yawancin abin da ake bukata yana kasuwar ƙauye: nono da kindirmo, miyar kuka da zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya, duk suna da kalsiyam. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƙwai da hanta jefi-jefi suna ba da furotin da ƙarfe. Shan shayi tare da abinci yana rage shigar ƙarfe jiki, lemon tsami da gwaiba kuwa suna ƙara shi. Kada a rage wa mai ciki abinci don tsoron kada ɗa ya yi girma, kuma a fara gyaran abincin tun kafin ciki ya shiga, musamman ga amarya mai ƙananan shekaru.

Na biyu, a je awon ciki da wuri, a sha ƙwayoyin ƙarin jini kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin kalsiyam ga masu ciki a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, domin yana rage haɗarin hawan jini da jijjigar masu ciki. Duk macen da ta tashi a Abare ko maƙwabtanta a shekarun gubar, ta shaida wa ma'aikaciyar awo, ta nemi a auna dalmar jininta. Maganin fitar da dalma kuwa likita ne kaɗai zai yanke shawarar ba mai ciki shi. A ci gaba da shayarwa, sai fa in likita ya auna ya ga dalilin dakatarwa.

Na uku, a toshe sababbin hanyoyin guba. Kada dutsen zinare ya shigo gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada a shanya ko a sussuka hatsi inda aka taɓa sarrafa shi. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya dawo gida. Mai ciki ta guji kwaɗayin farar ƙasa, da tozalin da ba a san asalinsa ba, domin wasu nau'o'insa dutsen dalma ne tsantsa.

Kammalawa

Goɗiyar Hammond ta nuna cewa uwa ke tsara girman ɗa, tunkiya ta nuna muhimmancin lokaci, ɓera ya nuna cewa tabon yunwar ciki yakan bayyana bayan shekaru, kuma ƙarancin kalsiyam yana buɗe wa dalma hanya. Saura aikin da ke kanmu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika a Zariya suna da masanan da za su iya bibiyar matan waɗannan ƙauyuka da jariransu, su kuma riƙa auna jinin awaki da tumaki da kajin da ke kiwo a tsakar gidajen. Agwagin 2010 sun yi gargaɗi kafin a gane abin da ke kashe yara. Idan dabbobin gida suka sake yin irin wannan gargaɗi, ya kamata a sami mai saurare.